Zuwa Ga Shehu Halilu, Mai Muhtasar: Shari'ar Iska Ta Sake Tasowa



Allah ya gafarta Malam, ya haskaka makwanci, ya saka da mafificin alheri. Wannan takarda daga ƙasar Hausa ta fito, inda littafin Malam ya daɗe da zama ɗan gida. Malam ya yi zamaninsa a Alƙahira a ƙarni na 14, amma har gobe a zaurukanmu ba a cewa mutum ya ƙoshi da fiƙihu sai ya sauke Muhtasar, kuma da shi alƙalanmu suka yi ta raba gardama tun kafin zuwan Turawa. Na san ba amsa zan samu ba. Na rubuto ne domin wata mas'ala da Malam ya warware cikin 'yan kalmomi ta dawo da sabuwar riga a ƙasashen da ba su san sunan Malam ba, kuma ina so almajiran Malam da ke raye su ji yadda ake fama da ita.

A ƙarshen babin tarayya Malam ya jero hukunce-hukuncen zaman maƙwabtaka. Ya hana hayaƙi irin na gidan wanka, da wari irin na majema, da duk abin da zai cuci bangon maƙwabci, da kafa masussuka a gaban gidan mutum saboda ƙaiƙayin da za ta riƙa watsa masa. Sannan ya lissafa abubuwan da ba a hanawa: tsawon gini, da ƙara irin ta mabuga, da ginin da ya tare wa maƙwabci haske ko rana ko iska. A nan ne Malam ya yi togaciya guda ɗaya: in iskar da za a tare ta masussuka ce, to a hana. Duk wanda ya taɓa ganin mata na sheƙa da kaka ya san dalili. Iskar da ke shiga ɗaki ta jin daɗi ce, amma wadda ke raba tsaba da ƙaiƙayi abincin gida ce. Wasu masu sharhi da suka biyo baya sun shigar da injin niƙa mai aiki da iska cikin wannan hukunci. Ke nan masussuka ta fito sau biyu a wuri ɗaya: sau ɗaya ana kare mutane daga cutarta, sau ɗaya ana kare ta daga cutar mutane. Wannan ma'auni mai fuska biyu shi ne abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

Allah ya gafarta Malam, a yau akwai wata na'ura da ake kira injin iska. Dogon ƙarfe ne ake kafawa, a ɗora masa fukafukai, galibi uku, iska ta juya su, juyawar ta haifar da wutar lantarki, wadda da ita muke haskaka gidaje, mu jawo ruwa daga rijiya, mu sanyaya magani a asibiti. Akwai manya waɗanda kamfanoni ke jerawa a fili su ciyar da birane, akwai kuma ƙanana na gida ɗaya, ko gona, ko makaranta. A Amurka an saba sa iyakar ƙaramin inji a kilowat 100, kodayake na gidaje yawanci ba su wuce kilowat 10 ba. A kan waɗannan ƙananan nake magana. Ba baƙi ba ne a can: tun shekarun 1920 wasu 'yan'uwa masu suna Jacobs suka fara ƙera su a jihar Montana, manoma suka yi ta saye, har sai da dokar kai lantarki karkara ta 1936 ta ja waya zuwa gonaki, kasuwarsu ta faɗi. Tsadar man fetur ta 1973 ce ta sake tuno da su. Da suka dawo kuwa, sai suka tarar gari ya canza, an yi dokoki a bayan idonsu.

Rayuwar wannan inji gaba ɗaya a tsawo take. Ƙarfin da ke cikin iska yana ƙaruwa fiye da yadda gudunta ke ƙaruwa: in gudun ya ninka sau biyu, ƙarfin ninkawa yake sau takwas. Iska mai gudun mita 5 a sakan tana ɗauke da kusan ninki biyu na ƙarfin mai gudun mita 4. A kusa da ƙasa kuwa itatuwa da gine-gine suna karya iska, su hargitsa ta, ta riƙa zuwa a birkice, ga rashin ƙarfi ga saurin kashe inji. Shi ya sa masu sana'ar a Amurka ke da ƙa'ida: ƙasan fukafukai ya ɗara duk wani abu da ke cikin tazarar ƙafa 500 da aƙalla ƙafa 30. A aikace wannan na nufin hasumiya mai tsawon mita 24 zuwa 37 a yawancin wurare. Wanda ya kafa gajeriya ya sayi ado ne kawai.

Dokokin da injin ya tarar kuwa ga asalinsu. A 1915 aka kammala wani bene mai hawa kusan 40 a birnin New York, ya rufe wa maƙwabtansa rana. A shekara mai zuwa, 1916, birnin ya kafa dokar da ta raba shi shiyya-shiyya, ta ƙayyade abin da za a gina a kowace shiyya da yadda zai tashi sama. Malam zai lura cewa sun saɓa masa a nan, domin su sun ɗauki tare haske a matsayin cuta. Wani kamfanin dillancin filaye mai suna Ambler ya yi ƙarar ƙauyen Euclid na jihar Ohio, yana cewa irin wannan doka ta karya darajar filinsa, shari'ar ta kai har Kotun Ƙoli a 1926. Kotu ta ba ƙauyen gaskiya. Daga nan kusan kowane gari ya rubuta tasa: nan gidajen kwana, can kasuwa, can masana'antu. A unguwannin zama iyakar tsawon da aka fi sawa ita ce ƙafa 35, wajen mita 11.

Waɗanda suka rubuta ƙafa 35 gidaje ne a ransu. Amma da manomi ya zo da takardar neman izinin hasumiya mai ƙafa 100, sai jami'i ya buɗe littafi ya nuna masa lambar. Mafita ɗaya ita ce ya nemi a yi masa sassauci na musamman: ya biya kuɗi, ya jira zaman kwamiti, maƙwabta su taru kowa ya faɗi abin da ke ransa, wani ya ce zai faɗo masa a ka, wani ya ce zai kashe tsuntsaye, wani ya ce shi dai bai son ganinsa. Wata da watanni na wucewa, wani lokaci wahalar neman izinin ta sa mutum ya haƙura. Babu wanda ya rubuta cewa an haramta injin iska, amma an haramta shi. Kuma gari biyu da ke maƙwabtaka kan ba da amsa biyu mabambanta ga tambaya ɗaya.

Jihar da na ga ta fi kama bakin zaren ita ce New Hampshire, wata ƙaramar jiha mai duwatsu da dazuzzuka a arewa maso gabashin Amurka, inda garuruwa ke da kishin ikonsu ƙwarai. A 2008 majalisar jihar ta yi doka a kan ƙananan injinan iska. Ba ta ƙwace ikon daga hannun garuruwa ba. Ta bar musu su tsara, amma ta lissafa abubuwan da in gari ya yi su ya wuce gona da iri. Gari ba zai haramta injin a dukkan shiyyoyinsa ba. Ba zai ɗauko iyakar tsawon da aka yi don gine-gine ya ɗora wa hasumiya ba, sai dai ya rubuta wadda ta dace da ita. Ba zai nemi tazara daga iyakar fili da ta wuce tsawon injin sau ɗaya da rabi ba. A yadda aka fara rubuta dokar, ba zai sa iyakar ƙara ƙasa da desibel 55 ba, wato kusan ƙarfin hirar mutum biyu, a auna a kan iyakar fili, kuma dole a ɗaga ƙafa na ɗan lokaci in guguwa ta taso ko wutar gari ta ɗauke. Ba kuma zai ƙirƙiro sharuɗɗan ƙira da suka zarce na dokokin gini da na lantarki da kowa ke bi ba.

Wannan ɓangaren mai inji ke nan. Dokar ba ta manta da maƙwabci ba. Kafin a ba da izini sai an aika wa masu iyaka da filin takarda, a ba su kwana 30 su faɗi ra'ayinsu. In garin bai rubuta tasa tazarar ba, to sau ɗaya da rabin nan shi ne doka, ta yadda ko da hasumiya ta kife, a filin mai ita za ta kwanta. In kuma inji ya yi wata 12 a jere ba ya aiki, ana ɗaukarsa yasasshe, a umarci mai shi ya sauke da kuɗinsa. Ofishin makamashi da tsare-tsare na jihar ya kuma fitar da samfurin doka da gari zai iya kwafa, wanda ya taɓo har inuwar fukafukai da ke wulgawa ta taga idan rana ta yi ƙasa, ya ce kada ta wuce awa 30 a shekara a kan gidan maƙwabci.

Da na auna wannan da abin da Malam ya rubuta, sai na ga hanya ɗaya ce aka biyo daga wurare biyu masu nisa. Malam bai hana tsawo don tsawo ba, su ma sun daina. Malam ya tambayi ina cutar take, su ma ita suka nema, sai dai su sun sa mata lamba: mita kaza, desibel kaza, kwana kaza. Amfanin lamba shi ne tana rufe bakin son rai. Maƙwabcin da ya ce ƙara ta dame shi, a zo da ma'auni a gwada. In ta haura a gyara, in ba ta haura ba ya yi haƙuri. Wanda ya ce shi dai bai son ganin abin, dokar ba ta ba shi makami ba, domin ƙin gani ba cuta ba ce. Jami'in da ke riƙe da hatimi shi ma an ɗaure masa hannu: in an cika sharuɗɗa ya sa hannu, in ba a cika ba ya faɗi wanne ne aka bari.

A kan ƙara, ina neman afuwar Malam in tsaya tare da masu sharhin da suka ce in ta tsananta kuma ta dawwama a hana. Mabugi yana ajiye sandarsa da magariba ya tafi gida. Injin iska bai san dare ba, sau da yawa ma da dare ake fi jinsa, lokacin da gari ya yi tsit. Mutanen garin Falmouth na jihar Massachusetts sun ɗanɗana wannan. Garin da kansa ya kafa manyan injina biyu, kowane mai megawat 1.65, kusa da gidajen jama'a. Maƙwabta suka yi shekaru suna kukan rashin barci, har kotu ta ba da umarnin a tsayar da su a 2017, aka kuma rushe su a 2022. Darasin nan kashi biyu ne. Na farko, kukan maƙwabci ba kullum ne hassada ba. Na biyu, waɗancan injina kowane ya ninka iyakar ƙaramin inji fiye da sau 16, kuma ba adalci ba ne a ɗora laifinsu a kan ɗan injin manomi. Dokar da ba ta raba babba da ƙarami ba za ta zalunci ɗayansu, ko ta sakar wa babba ko ta shaƙe ƙarami.

Ingila kuma ta bi wata hanya da ke da daɗin ji amma ba ta kai ga ruwa. Tun Disamba 2011 mai gida na iya kafa ƙaramin inji ba tare da neman izinin tsara gari ba, muddin ya cika wasu sharuɗɗa: in a ƙasa aka kafa shi kada ya wuce mita 11.1, faɗin da fukafukai ke sharewa kada ya wuce murabba'in mita 3.8, kuma ya nisanci iyakar fili da tsawonsa da ƙarin kashi 10 cikin ɗari. Sauƙi ne, babu shakka. Amma mita 11 ita ce dai ƙafa 35 ɗin nan ta Amurka da ta hana injin numfashi. Tun kafin wannan doka, wani gwaji da aka fara daga yankin Warwick tsakanin 2007 da 2008 ya bi injina 26 da aka ɗora a kan gine-gine, ya tarar wutar da suke bayarwa ta gaza abin da masu ƙera su suka yi alkawari nesa ba kusa ba, wasu ma sai da aka kashe su saboda ƙorafin mazauna a kan ƙara. Dokar da ta sauƙaƙa abin da ba ya aiki, ta bar mai aikin a layin jira, tana tura talaka ne ya zuba kuɗinsa inda ba za su dawo ba. Hukuma ba ta da hurumin tilasta wa mutum ya ci riba, amma bai kamata ta share masa hanyar asara ta toshe ta riba ba.

Yanzu ga inda Malam ya riga su. Duk abin da na zayyano yana amsa tambaya ɗaya ce: yaya za a kafa inji ba a cuci maƙwabci ba? Tambaya ta biyu, wadda togaciyar masussuka ta amsa, yawancin dokokin nan sun yi shiru a kanta: bayan an kafa, wa zai hana maƙwabci ya ɗaga bene ko ya shuka dogayen itatuwa ta inda iskar ke zuwa? Mutum ya sayar da shanunsa ya kafa hasumiya, shekara uku a gaba a tare masa iska, ya zama mai dogon ƙarfe kawai. Mutanen Holan, da suka daɗe suna niƙa da kwashe ruwa da iska, sun san wannan tun da daɗewa: an kasance ana hana shuka dogayen itatuwa kusa da injin niƙa, kuma har yau a wasu lardunansu ana taƙaita tsawon gini a da'irar mita 400 kewaye da tsofaffin injinan. Jihar Wisconsin ta Amurka ita ma ta tanadi wata takarda da mai injin iska ko na hasken rana zai nema daga garinsa: a sanar da maƙwabtan da abin zai shafa, wanda ke da ja ya nemi a saurare shi, in an ba da takardar to ba a tare masa daga baya. Haƙƙin yana faɗuwa in aka cire injin ko aka bar shi shekara 2 ba amfani.

Ba zan ɓoye wa Malam nauyin wannan mas'ala ba. Kare iskar wani yana nufin rage wa wani ikonsa a kan filinsa. Masussuka aikin kaka ce, 'yan makonni, kuma a bayan gari take. Injin iska yana iya shekara 20 a tsaye. In aka ce duk wanda ya riga kafawa ya mallaki sararin unguwa, to mai kuɗi zai riga, talakan da ke tara kuɗin ɗaga ɗakinsa a hankali ya tarar an rufe masa sama. Abin da nake gani shi ne haƙƙin iska ya tabbata, amma da sharaɗi huɗu: a rubuta shi a ofishin filaye yadda mai sayen fili a gaba zai gani, a ji ta bakin maƙwabci kafin a ba da shi, a ƙayyade nisansa da kusurwar da iskar ke fitowa, kuma ya mutu ranar da injin ya mutu. Wanda ya riga ya fara gini ko ya riƙe takardar izinin gini kafin zuwan injin, shi ne a gaba.

Akwai kuma abu ɗaya da ban ga dokokin nasu sun damu da shi ba, alhali a wurinmu shi za a fara tambaya. Malam ya ce ba a hana mutum hawa dabinonsa, amma ya sanar kafin ya hau, domin mutanen gidan da zai hango su kimtsa. Hasumiyar injin iska ana hawanta don gyara da shafa mai. Wanda ya hau mita 30 a ƙauyen Hausa ya ga tsakar gida goma, da matan aure, da makewayi marar rufi. Ba'amurke yana zaune a gida mai rufi da labule, wannan ba ta cikin lissafinsa. Mu kuwa rayuwarmu a tsakar gida take. Duk dokar da za a rubuta mana da ba ta ce a yi sallama kafin a hau ba, ko a fifita irin hasumiyar da ake kwantarwa ƙasa a gyara, to kwafe ce aka yi, ba a dube mu ba.

Na ce dokar da za a rubuta mana, domin lokacinta ya matso. Iskar da ta fi ƙarfi a Nijeriya a arewa take, wajen Sakkwato da Katsina da tsaunukan Filato, ga hunturu da ke kaɗawa wata da watanni. A Lambar Rimi ta jihar Katsina gwamnatin tarayya ta ɗauki aikin kafa injina 37, kowane mai kilowat 275, jimilla wajen megawat 10, aikin da ya ci fiye da shekara goma. A Maris 2023 aka gyara tsarin mulki aka ba jihohi ikon samar da lantarki da rarraba shi, a Yuni na shekarar kuma aka sa hannu a sabuwar dokar lantarki. Tsara garuruwa kuwa tun 2003 Kotun Ƙoli ta ce aikin jihohi ne, filaye kuma dokar 1978 ta damƙa su a hannun gwamnoni. Ke nan wuƙa da nama suna hannun jiha. Ƙananan injinan ba su yawaita a wurinmu ba tukuna, farantan hasken rana sun fi su araha da sauƙi, kuma a wurare da yawa su ne suka fi dacewa. Amma rana tana faɗuwa, ƙurar hunturu tana dusashe faranti a daidai lokacin da iska ta fi kaɗawa, don haka haɗa biyun yana da ma'ana ga asibitin ƙauye, da makarantar kwana, da rijiyar burtsatse ta makiyaya.

Mun kuma riga mun ga abin da ke faruwa in dogon ƙarfe ya riga doka isowa unguwa. Da wayar salula ta shigo a 2001, turakun sadarwa suka tsiro a tsakiyar gidaje. Daga baya hukumar sadarwa ta NCC ta ce tazarar mita 5 ta isa, hukumar kare muhalli ta NESREA ta ce sai mita 10, aka yi shekaru ana jayayya, ana rufe turaku ana buɗewa, mai gidan da janareta ke ruri a bayan ɗakinsa bai san ƙofar da zai buga ba. Shirun doka ba 'yanci ba ne ga talaka. Inda babu rubutacciyar ƙa'ida, fuska ake dubawa, mai hanya ya wuce, marar hanya ya yi ta zarya.

Don haka abin da nake roƙon majalisun jihohinmu da hukumomin tsara birane bai fi shafi biyu ba. A raba ƙaramin inji da babba da lamba bayyananniya. A ba hasumiya iyakar tsawo tata ta kanta, wadda ta dace da aikinta, tare da kiyaye hanyar jiragen sama. A sa tazarar da ta ɗara tsawon injin daga iyakar fili da hanya da wayar wuta. A faɗi gaskiya cewa wannan tazara ta fitar da cikin gari daga lissafi: inji mai mita 30 da tazarar sau ɗaya da rabi yana buƙatar fili mai faɗin mita 90, fulotinmu kuwa na ƙafa 50 da 100 bai wuce mita 15 da 30 ba. Wurinsa gona ne, da harabar makaranta, da bayan gari, sai dai in maƙwabta sun yarda a rubuce su haɗa filayensu. A sa iyakar ƙara, ta dare ta fi ta rana tsanani. A sanar da maƙwabta ta hannun mai unguwa ko dagaci, da wa'adi sananne, ba ta takardar da za a liƙa a sakatariya ba. A wajabta sanarwa kafin hawa. A wajabta sauke injin da ya mutu, domin ƙarfen da aka yasar yana tsatsa, kuma guguwar farkon damina ba ta tambayar na wane ne. A rubuta kuɗin izini da adadin kwanakin da jami'i zai ba da amsa, yadda kowa zai gani. Jiha ta shata iyaka, ƙaramar hukuma ta cike abin da ya dace da ƙasarta, kamar yadda New Hampshire ta yi.

Saura aikin malamai. Injiniya zai iya gaya mana mita nawa da desibel nawa, amma ba shi zai gaya wa mutumin Rimi ko Illela cewa wannan ƙa'ida ta yi daidai da abin da ya gada ba. Jama'armu sun fi saurin karɓar hukuncin da suka ji asalinsa a karatun zaure fiye da wanda aka sauko musu da shi daga ofis da Turanci. Tambayoyin da nake ajiyewa gaban almajiran Malam uku ne. Shin injin da ke ba da lantarki yana shiga hukuncin masussuka kamar yadda injin niƙa ya shiga? In ya shiga, iya ina haƙƙinsa ya tsaya a kan filin maƙwabci, kuma har tsawon wane lokaci? Sannan wane mizani ne na ƙarar da ta tsananta ta dawwama, yanzu da muke da na'urar auna ta? Ina fata su zauna da masana iska da masu tsara gari su amsa tun ba a kai ƙarar farko gaban alƙali ba, domin hukuncin da aka yanke cikin natsuwa ya fi wanda aka yanke mutum biyu na huci a gaban kotu.

Allah ya jiƙan Malam da rahama, ya gafarta wa malamansa da almajiransa, ya ba shugabanninmu ikon yin adalci tsakanin maƙwabci da maƙwabci.

Wassalam.

Daga wani almajirin littafin Malam, a ƙasar Hausa.